Waɗanne raye-raye ne suka fi daɗi a Just Dance, kuma me ya sa mai zaune yake cinye mai tsaye?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Kubwa. Maigidana ya sayo wa yara na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch, ƙanwarsa kuma ta ara mana wasan rawa na Just Dance. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, ni kuwa fita tana yi mini wuya, shi ya sa nake so ni da ƙannena mata mu riƙa yinsa a falo. Waɗanne waƙoƙi da raye-raye ne suka fi daɗi, kuma wane bugu ya kamata mu saya namu na kanmu? Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗana mai shekara 8 yana zaune a kujera yana kaɗa hannu kawai, amma ya fi ni maki, ni da nake haɗa gumi. Ina kuma tsoron waƙoƙin da ba su dace da yara ba."

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yaran. Idan na fahimce ki da kyau, kina son sanin raye-rayen da suka cancanci guminki, da bugun da ya kamata ki kashe wa kuɗi, da dalilin da ya sa na'urar take fifita yaron a kanki, sannan da yadda za ki tace abin da zai shiga kunnen yara. Sana'ata horar da mata motsa jiki ce a nan Abuja, kuma wannan wasa yana cikin kayan aikin da nake shiga da su gidajen da matan cikinsu ba su cika fita ba, saboda haka abin da zan faɗa miki daga falukan mutane na samo shi. Abin da na tsaya a kai shi ne waƙar da kunne yake so daban take da rawar da jiki yake so, su biyun kuma daban suke da abin da na'urar take iya aunawa. Wadda ta zaɓi rawa saboda sunan mawaƙi kaɗai takan gaji da wasan tun ba a je ko'ina ba. Zan fara da maganar yaron, domin sai an gane ta sauran za su warware.

Yadda na'urar take auna mai rawa

Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ne ya fitar da Just Dance na farko a watan Nuwamban 2009, a kan na'urar Wii ta Nintendo, ɗauke da waƙoƙi 32. Kafin zuwansa, wanda ake ji da shi a fagen wasannin rawa shi ne Dance Dance Revolution na kamfanin Konami, wanda ya ɓulla a Japan a 1998, inda mutum yake hawa wani dandamali mai kibiyoyi huɗu yana taka su daidai da bugun kiɗa. Wancan ƙafa yake aunawa, kuma ba ya sassauci, domin ko dai an taka a kan lokaci ko an kuskure. Just Dance ya ajiye dandamalin, ya danƙa wa mutum rimot a hannun dama, ya ce ya kwaikwayi ɗan rawan da ke allo kamar yana duba madubi. Masu sharhin wasanni sun kushe bugun farkon suna cewa awonsa ba shi da tabbas, amma iyalai suka yi ta saye har ya sayu miliyoyi, kuma tun daga lokacin kowace shekara sai an fitar da sabo.

'Yan rawan da kike gani a allo mutane ne na gaske, ƙwararru, waɗanda ake ɗauka a situdiyo a Faransa a gaban koren ƙyalle, daga baya a ƙawata hoton da kwamfuta. Idan kin lura, kowannensu yana sanye da safar hannu mai launi mai haske a hannu ɗaya, kuma wannan hannun ne yake daidai da hannunki na dama idan kin fuskanci allon. Da shi ake nuna miki abin da ake aunawa. A cikin ɗan rimot ɗin Switch, wato Joy-Con, akwai ƙananan ma'aunai biyu, ɗaya yana jin saurin motsi da tsayawarsa, ɗaya yana jin juyawa da karkata. Wasan yana kwatanta abin da suka aika masa da tsarin da aka riga aka adana na kowane motsi, sai ya rubuta miki Perfect idan kin dace sosai, ko Good, ko OK, ko alamar X idan kin kuskure. Iyakar makin kowace waƙa 13,333 ne. Tauraro biyar yana samuwa a 10,000, matakin Superstar a 11,000, matakin Megastar kuma, wanda aka ƙara a bugun 2018, a 12,000. Akwai kuma wasu 'yan motsi da ake nuna alamarsu da ruwan zinariya, waɗanda makinsu ya fi na sauran nauyi.

Na'urar ba ta san ɗanki yana zaune ba. Ba ta ganin ƙafa, ba ta ganin ƙugu, ba ta ganin hannun hagu. Alƙali ne da yake leƙen taron biki ta ramin makulli, hannu ɗaya kawai yake hangowa, kuma da shi yake yanke hukunci. Yaron ya haddace lokacin da hannu yake tashi da inda yake tsayawa, kuma da yake ba ya kashe ƙarfinsa wajen tsalle, hannunsa ba ya makara. Ke kuwa kin raba hankalinki tsakanin ƙafa da hannu, numfashi ya fara yi miki kaɗan a tsakiyar waƙa, sai hannunki ya riƙa isowa bayan kiɗan da ɗan ƙiris, wannan ɗan ƙiris ɗin kuma shi yake mayar da Perfect ya koma OK.

Wannan ne ma ya sa matan da suka fi kowa iya rawa a gidan biki sukan sha mamaki a karon farko. Rawarmu ta mata a ƙugu da kafaɗa da ɗan takun ƙafa take, hannu kuwa yana riƙe da bakin mayafi ko yana lilo a hankali kusa da jiki. Na ga matar da idan ta shiga fili ranar kamu kowa sai ya ja baya ya ba ta wuri, ta yi rawar da ta fi ta kowa kyau a falon, allo ya ba ta tauraro biyu, ta ajiye rimot a kan kujera ta ce wannan abin ba shi da ido. Gaskiya ta faɗa. Na'urar da take da ido ita ce Kinect, kyamarar na'urar wasan Xbox da wasan ya fara amfani da ita a Just Dance 3 a 2011, wadda take bin jiki gaba ɗaya ba tare da an riƙe komai ba, amma kamfanin Microsoft ya daina ƙera ta a 2017, kuma ba ta aiki da Switch.

Idan kina son makinki ya tashi ba tare da kin rage rawar ba, ki ɗaura igiyar rimot ɗin a wuyan hannu, ki riƙe shi yadda aka nuna a farkon waƙa kada ya juya a tafinki, sannan ki riƙa kai motsi ƙarshensa ki tsaya cak inda ɗan rawan ya tsaya, domin tsayawar ce ma'aunin ya fi ji. Idonki ya kasance a kan ɗan rawan, ƙananan zanen da ke wucewa a ƙasan allo sanarwa ce kawai ta abin da ke tafe. Ki kuma duba talabijin ɗinku, saboda da yawa daga cikin na zamani suna ɗan riƙe hoto su gyara shi kafin su nuna, wannan jinkirin kuma ya isa ya sa ki makara ba da laifinki ba. A saitin hoto ki zaɓi wanda aka rubuta Game. Shi kuwa yaron, dokar gida ce maganinsa: wanda ya zauna makinsa bai ƙirgu ba.

Raye-rayen da nake komawa gare su

Rawar da take daɗewa a gida ita ce wadda amshinta yake da motsi guda da ake maimaitawa, har mutum ya kama shi a zagaye na biyu ya daina kallon allo da fargaba, kuma wadda motsinta yake sauka daidai kan bugun ganga yadda jiki zai ji ya yi daidai tun kafin na'ura ta faɗa. Idan an haɗa da ɗan abin dariya a ciki, to an gama. Da wannan ma'auni nake zaɓa, kuma zaɓin nawa ne, wata mai horarwar za ta iya kawo miki nata jerin.

Da Waka Waka ta Shakira nake buɗe wa kowace sabuwar ƙungiya, tana cikin bugun 2018. Waƙar gasar cin kofin duniya ce ta 2010 da aka yi a Afirka ta Kudu, amshinta kuma an ɗauko shi ne daga tsohuwar waƙar ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru ta 1986, shi ya sa har iyayenmu sukan ji kamar sun san ta tun da can. Babu wadda sai an koya wa kiɗan. Motsin amshin a hannu da gwiwar hannu yake, abin da na'urar take ji sarai, saboda haka sabuwar shiga takan ga tauraro uku ko huɗu a gwajin farko, wannan kuma shi yake sa ta ce a sake. Rawa ce ta rukuni, kowacce ta zaɓi ɗan rawan da za ta bi, abin da ya dace da ke da ƙannenki.

A wannan bugun na 2018 ne kuma aka sa Tumbum ta Yemi Alade, daga kundinta na Mama Africa na 2016, kuma a ganina ita ce rawar da ta fi nuna bambancin da nake magana a kai. Tana da siga biyu. Ta farko mai sauƙi ce, cike da raha, ana yinta ana dariya. Ta biyu, wadda aka yi wa laƙabi da Extreme, aikin ƙafa da ƙugu ne zalla, da sauri, kuma nan ne matanmu suke nuna abin da suka iya. Sai dai mafi wuyar abin da ke cikinta yana faruwa ne ƙasa da inda na'urar take aunawa, shi ya sa za ki ga wadda ta jiƙe sharkaf da gumi ta tashi da maki kusan ɗaya da wadda ta tsaya wuri ɗaya tana wurga hannu. Idan motsa jiki kike nema, wannan sigar ta fi waƙoƙi uku masu sanyi amfani, amma kada ki nemi shaidar hakan a allo, ki neme ta a numfashinki.

Jerusalema ta Master KG da Nomcebo Zikode, 'yan Afirka ta Kudu, tana cikin bugun 2022. An fitar da ita a 2019, ta game duniya a 2020 lokacin kullen korona, bayan da wasu matasa 'yan Angola suka ɗauki kansu suna taka ta riƙe da farantan abinci. Takunta na ƙirgen huɗu ne, a buga ƙafa ɗaya, a sauya, a juya, kuma saurinta matsakaici ne wanda mace mai jiki za ta iya bi har ƙarshe ba tare da ta tsaya ba. Ita nake sawa a tsakiyar zama idan na ga an fara haki. Calm Down ta Rema, ɗan birnin Benin, tana cikin bugun 2024, tare da Makeba ta mawaƙiyar Faransa Jain, wadda ta yi ta don girmama mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba. Ta Rema sanyi gare ta, ta ɗumama jiki ce a farko. Ita kanta Pata Pata ta Makeba an sa ta tun a Just Dance 3, da muryar wasu mawaƙan da suka sake rera ta, a matsayin rawar mutum biyu.

Idan kika tambayi waɗanda suka daɗe da wasan a ko'ina cikin duniya, da wuya a ƙirga uku ba a ambaci Rasputin ba, waƙar ƙungiyar Boney M. ta 1978 da aka sa a Just Dance 2 a 2010. Ɗan rawan wani mai dogon gemu ne cikin shigar mutanen Rasha, yana harɗe hannuwa a ƙirji yana harba ƙafa irin rawar Kosak. Abin da ya sa ba ta tsufa shi ne yadda aka gina ta: tana farawa da tafi da taku mai nauyi kamar ba za a yi komai ba, kiɗan yana ƙara zafi rawar tana bin sa, har a kai inda kowa a falon yake tsalle yana dariyar kansa. Ba ta buƙatar iya rawa, ƙarfin hali take buƙata. Amma tana cin gwiwa, kuma duk wadda gwiwarta take ƙara idan ta hau bene, nakan ce ta bar durƙuson ta yi harbin ƙafar a tsaye, tunda ko ta durƙusa na'urar ba za ta ƙara mata ko maki ɗaya ba.

Inda kunne da jiki da na'ura suka fi haɗuwa wuri ɗaya a gidajen Hausawa shi ne raye-rayen Indiya, kuma dalilin a fili yake. Mun tashi da finafinan Indiya, hannunmu ya san murɗa wuyan hannu da ɗaga kafaɗa da nuna sama tun muna yara, rawar Indiya kuma rabinta a hannu take, daidai inda ake aunawa. Jai Ho ta A. R. Rahman da Katti Kalandal suna cikin Just Dance 2, Mundian To Bach Ke ta Panjabi MC tana cikin Just Dance 4 na 2012, sannan a bugun 2017 an yi wa Cheap Thrills ta Sia wata siga ta daban da rawar Indiya. A irin waɗannan ne nake ganin matar da ta sha kaye a hannun 'ya'yanta duk yamma ta rama, har ta tsaya tana gyara ɗankwali tana jiran a karanto makin.

'Yan mata masu tasowa kuwa na Koriya suke nema, irin su Kill This Love a bugun 2020 da Boombayah a na 2022, dukansu na ƙungiyar Blackpink. Sigoginsu masu tsanani suna da kyan kallo, amma motsi yana sauyawa kafin mutum ya gane na baya, kuma sabuwar shiga takan karaya. Ki bar wa ƙannenki su idan suna so. A ɗaya gefen, akwai waƙoƙin da babba zai raina da jin sunansu, kamar Beep Beep I'm a Sheep a bugun 2018 ko Baby Shark a na 2020, waɗanda su ne suke tayar da gida gaba ɗaya, har da kakar yara. Waƙar Hausa dai ban ci karo da ko ɗaya ba a cikin jerin, kuma duk ranar da aka ce za a sa kiɗan kalangu sai masu tsarawa sun ƙirƙiro wa hannu aikin da ba shi da shi a asalin rawar.

Abin da zai shiga kunne da idon yara

Tsoronki yana kan hanya. Kamfanin yana goge kalmomin batsa daga waƙoƙin, sai ki ji gurbi a inda kalmar take, amma goge kalma ɗaya ba ya sauya abin da waƙa take nufi, kuma baitocin suna fitowa a rubuce a gefen allo inda yaro mai koyon karatu zai bi su. Despacito, wadda take cikin bugun 2018 ɗin da na yaba, misali ce: daɗin kiɗanta ya rufe ma'anarta saboda da Sifaniyanci aka yi ta, alhali gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Malesiya ya hana sa ta a 2017 saboda baitocinta, rawar tata kuma ta mace da namiji ce. Rasputin labarin wani mutum take bayarwa da aka kashe a Rasha a 1916, har da zancen alaƙarsa da mata. Jerusalema da harshen Zulu take, kuma addu'a ce irin ta Kirista, abin da wasu gidajen ba su damu da shi ba, wasu kuma za su so su sani kafin su sa.

Abin da nake ba iyaye shawara shi ne uwa ta zauna ita kaɗai da dare ta bi jerin, domin kowace waƙa tana nuna ɗan guntun bidiyonta kafin a zaɓe ta, a nan za ki ga shigar 'yan rawan ki ji kiɗan, ki ware waɗanda kika yarda da su. Daga bugun 2018 zuwa na 2022 akwai sashen yara na musamman, mai raye-raye kaɗan masu sauƙi da aka tsara don ƙanana. Akwai kuma waɗanda kusan kiɗa ne zalla, kamar Pac-Man a bugun 2019. Hukuncin kiɗa da waƙa kansa kuwa fagen malamai ne, kowane gida kuma ya san malamin da yake tambaya.

Jiki da falo

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Waƙa ɗaya a wasan takan ɗauki minti uku zuwa huɗu, saboda haka waƙoƙi takwas ko tara sun ba ki rabin awa, idan kin yi haka sau biyar a mako kin cika. Nakan jera su ne daga mai sanyi, a hau zuwa matsakaiciya, a sa mai zafi ɗaya ko biyu a tsakiya, a sauko da mai sanyi, kuma ba na bari a tsaya dogon zaɓe tsakanin waƙa da waƙa, domin a nan jiki yake hucewa hira ta karɓe zaman. Wasan yana da ma'aunin da yake nuna ƙarfin da aka ƙona, amma ƙiyasi ne daga motsin hannu ɗaya, kada ki gina lissafin abincinki a kansa.

Falukanmu na Abuja yawanci tayil ne, kuma tayil da safa ba sa haɗuwa, ko dai ƙafa tsirara ko takalmin kambas. A janye teburin tsakiya, a naɗe ƙaramin kafet mai zamewa, a kuma ɗaga hannu a gwada tsayin fankar sama kafin a fara, musamman a gidajen da rufinsu ya yi ƙasa. Zani yana harɗe ƙafa a raye-rayen da ake buɗa taku, wando mai faɗi ya fi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da garin yake ɗaukar zafi, a yi da sassafe ko bayan magariba, da ruwa a kusa. Ba ki faɗi dalilin da ya sa likita ya ce ki motsa jiki ba, kuma wannan ba hurumina ba ne: idan hawan jini ne, ko ciwon zuciya, ko gwiwa, ko kina da juna biyu, ko ba ki daɗe da haihuwa ba, ki gaya masa cewa abin da za ki yi ya haɗa da tsalle da juyi, shi zai faɗa miki iyakarki.

Bugun da za ki saya

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, domin sabo ba lallai ne ya fi dacewa da gidanku ba. Kowane bugu yana zuwa da sababbin waƙoƙi kimanin 40 nasa na kansa, ba ya ɗauke da na bugun baya. Tsofaffin, irin su Rasputin da na Indiyan da na ambata daga Just Dance 2, ba a taɓa yin katinsu na Switch ba, ana samun irinsu ne ta hanyar biyan kuɗin wata, wanda ake kira Just Dance Unlimited a bugun 2016 zuwa na 2022, da Just Dance+ daga na 2023. Wannan tsari yana jawo waƙa ne ta intanet a lokacin da ake rawa, ga cin data, ga tsayawar hoto a tsakiyar amshi idan sabis ya yi rauni, sannan waƙoƙi suna shiga suna fita saboda yarjejeniyar haƙƙin mallaka. Ki duba jerin da ke akwai a ranar kafin ki biya don waƙa ɗaya.

Bambanci mafi girma shi ne daga bugun 2017 zuwa na 2022 ana samun wasan a ɗan kati da ake zurawa a Switch, waƙoƙin da ke kansa kuma suna aiki ko babu intanet. Daga bugun 2023 kuwa, kwalin da ake sayarwa takarda ce a ciki mai ɗauke da lambobin da ake shigarwa a sauke wasan. Lambobin sau ɗaya suke aiki, ba a ara, ba a sake sayarwa, kuma suna da yanki, na Turai ba sa shiga asusun da aka buɗe da adireshin Amurka. Kati ba shi da wannan matsala. Saboda haka ga gida irin naku, shawarata ki nemi katin 2018 saboda Waka Waka da Tumbum da sashen yara, idan da hali ki ƙara da na 2022 saboda Jerusalema. Na hannu ma ya wadatar. Switch yana zuwa da Joy-Con biyu, kowace mai rawa ɗaya take riƙewa, idan kun fi biyu kuma, za ku iya yin wasan gaba ɗayanku da wayoyinku ta manhajar Just Dance Controller idan wayoyin da na'urar suna kan wayfai ɗaya, har mutum shida a lokaci guda. Idan an ɗauke wuta talabijin ya mutu, na'urar tana da batirinta, sai a zare ta a jingina a kan tebur a ƙarasa waƙar a ƙaramin allonta.

Masu sayar da kayan wasanni a Banex da ke Wuse 2 da sauran shagunan gari sukan samu irin waɗannan katunan. Ki tafi da na'urar taku, a buɗe kwalin a gabanki ki ga kati ne a ciki, a zura shi, a kashe intanet ɗin na'urar, ki buɗe waƙa ɗaya ki ga ta tashi har an fara ba da maki, sannan ki biya.